Akuyar Mista Tolliver

Los Guayabos,
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanwata Ercilia,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Yaya gwiwar taki? Sanyin New York ya fara shiga ƙashi ko da saura? Mu nan lafiya lau, sai dai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, har ya cinye gadar bakin gonar rake. Mota ba ta shigowa gari yanzu, sai babur.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun 'yar maƙwabcinmu maimakon kira. Kunnena ya yi nauyi, in na ɗauki waya sai na ɗaga murya, in kuwa na ɗaga murya sai masu domino na bakin shago su ajiye wasa su kasa kunne. Maganar da nake tafe da ita ba ta kasuwa ba ce.

Kin dai ji an rufe kakar ƙwallon gora, wato besbol, a Amurka, kwantiragin jikana Wilkin kuma ya ƙare. Yanzu shi ɗan kansa ne, kowace ƙungiya tana iya taya shi. Dillalinsa ya ce wayarsa har zafi take yi. Kuɗin da suke ambata ba zan rubuta miki ba, kada ki ce tsufa ya taɓa mini kai. Masu tayin gaske dai biyu ne. Ƙungiyar bakin teku ta ce shekara bakwai. Ƙungiyar arewa, ta garin nan mai dusar ƙanƙara, ta ce shekara goma, kuɗinta kuma ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

To, gyara zama. Kin san wanda yake sayo wa ƙungiyar arewa 'yan wasa yanzu? Mista Tolliver.

In sunan ya ɓace miki, ni bai ɓace mini ba, don lokacin kin riga kin tafi, a takarda kawai kika ji. Shi ne Ba'amurken nan mai jan wuya da ya riƙa yawon farautar yara a filayenmu. Ya ga Amauri, wan Wilkin, yana ɗan shekara goma sha huɗu, bahago, yana jifan da mai gora ba ya ganin wucewar ƙwallo sai dai ya ji ƙararta a hannun mai cafewa. Doka ta hana sa hannu sai yaro ya cika sha shida, don haka aka yi yadda ake yi. Muka zauna a bencin tsohon fili, ya kama hannuna ya ce, "Don Casimiro, ka ɗauka an gama. Ka dai ɓoye mini shi, kada wani ya gan shi."

Na ɓoye shi. Shekara biyu duk mafaraucin da ya zo sai in ce yaron yana da mai shi. Ranar sa hannu na yanka akuya, na ɗauko makaɗa, uwarsa ta ɗinka masa kwat. Muka jira har shinkafa ta sandare a tukunya. Da yamma wani ɗan aike ya kawo saƙo cewa lissafi ya canza. Shi ke nan. Sauran ƙungiyoyi sun riga sun kashe kuɗinsu a kan yaran da suka gani. Kin san garin nan, ɗan shekara sha bakwai tsoho ne. Amauri ya shiga bin gwaji yana jifa da duk ƙarfinsa don a kalle shi, har jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke. Yau acaba yake yi a mararraba, hannun hagun ba ya miƙewa sosai.

Mista Tolliver bai san su 'yan'uwa ba ne, tunda uwa ɗaya ce ta haife su amma sunan uba daban. Kuma na ji mai ƙungiyar ya gaya masa in bai kawo Wilkin ba, ya nemi wani aikin. Ercilia, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ina so Wilkin ya kama hannun mutumin nan ya ce masa an gama, ya bar shi ya yanka tasa akuyar.

Ki kama bakinki. Ki gaida kowa da kowa.

Naki wanki,
Casimiro.

Los Guayabos,
28 ga Nuwamba.

Ƙanwata Ercilia,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, amsarki ta iso tare da man zafin da kika aiko. Man ya yi amfani, na gode. Wa'azin kuwa na ajiye shi a ƙarƙashin matashi, zan duba shi in na gama. Kin ce ni na raini yaran nan a kan magana zarar bunu ce. Haka ne. Ai shi ya sa na san zafinta in an mayar da ita.

Ba ke kaɗai kika yi mini tawaye ba. Wilkin ya iso gida, na zaunar da shi da Amauri a gindin mangwaro na shimfiɗa musu abin da ke raina. Wilkin ya ce shi zai iya barin shekara ukun da kuɗinsu, amma ba shi aka yi wa ba, maganar tana hannun wansa. Na juya wurin Amauri ina ganin an gama, sai ja'irin ya yi dariya.

"Tsoho, kai dai ba ka da aikin yi. Ƙafarka ɗaya tana kabari kana neman faɗa da Amurka? Ku bar ni in yi acabata. Yaro ya ɗauki kuɗinsa."

Na ce masa ƙafar da ta rage ta ishe ni harbi. Ya ce mutum yakan yi kuskure, watakila abin yana cin Baturen a rai shekara da shekaru, watakila ma ba shi ya yanke hukuncin ba. Kin ji zuciyar yaron nan? Ta uwarsa ce, ba tawa ba. Muka yi ta ja har kofi ya huce, daga ƙarshe muka ƙulla sharaɗi. Mista Tolliver ya riga ya ce zai zo da kansa ya ga Wilkin a gida. In ya gane Amauri, ko da bai roƙi gafara ba, ko sunansa kawai ya kira, to ni na sauka, a sayar masa. In bai gane shi ba, Amauri ya faɗi abin da za a yi.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan taimaka wa ƙaddara. Wilkin ya so ya sa a gyara gadar kafin baƙon ya zo, na ce a bari sai bayan Kirsimeti, leburori sun yi tsada. Sannan na aika wa 'yan acaban mararraba cewa in wani Bature ya sauka daga mota, babur ɗin kowa ya lalace sai na Amauri.

Ranar Talata ya zo. Ya yi ƙiba, gashi ya gudu, amma wuyan yana nan ja. Amauri ya ɗauko shi tun daga titi, ya ratsa rake da shi, kuma da gangan ya bi ta gefen tsohon fili a hankali. Bai sa hular kwano ba don a ga fuskarsa da kyau. Mutumin yana riƙe da kafaɗarsa, kafaɗar hagun fa, yana ta surutu da gurgun Sifaniyancinsa. Da suka zo daidai bencin sai ya ce, "Abokina, kai ma ka taɓa buga ƙwallo?" Amauri ya ce ya ɗan taɓa. Ya ce, "Ai kowa a ƙasar nan ya ɗan taɓa. Amma ka ga irin su Wilkin, Allah ke yin su, ni kuma idona ba ya kuskure su."

A ƙofar gida ya zaro dala ashirin ya cusa masa a aljihun riga, ya ce ya sayi giya. Sannan ya kama hannuna, wannan hannun dai da ya taɓa kamawa, ya ce ya ji daɗin saduwa da ni karo na farko.

Muka ba shi farfesu da soyayyen agade, ya ci yana gumi yana yabon garinsu, wai har hoton Wilkin za su rataya a bangon filin wasa, tsawonsa ya kai bene. Ni dai idona yana kan Amauri, yana jingine da babur a bakin ƙofa. Can ya shigo ya ajiye takardar dalar a gaban ƙanensa, ya danne ta da kwalbar gishiri, ya ce, "Ɗan autan Mama, ka ba bawan Allah hannu mana, ya sha hanya."

Wilkin ya dubi wansa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙe ya kama hannun Mista Tolliver ya ce, "Ka ɗauka an gama. Ka dai riƙe mini wurin, kada ka ba wani."

Mutumin har ƙwalla ya yi. Ni ma na yi, amma kowa da dalilinsa. In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba, balle kakan ɗa da ba shi da aikin yi.

Ki gaida mijin 'yarki, ki ce ina nan ina jiran takalmin da ya yi mini alkawari tun bara.

Wanki,
Casimiro.

Los Guayabos,
16 ga Disamba.

Ercilia 'yar'uwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan tarin da kika ce ya kama ki ya sake ki. Ki riƙa shan citta da zuma, ki bar ƙwayoyin nan nasu masu sa barci.

Gajeriyar takarda ce yau, mai tafiyar yana tsaye a kaina. Jira muke yi, kuma ban taɓa sanin jira yana da daɗi haka ba. Kowace safiya nakan kai kujerata shago a karanta mini labarin kasuwar 'yan wasa. Mista Tolliver yana da nasa mai bugun ƙwallo irin Wilkin, tsohon ɗan wasansu da ya so ya zauna, ya sallame shi don ya tara wa Wilkin kuɗi. Wata ƙungiya ta ɗauke shi washegari. Akwai wasu manyan masu bugu biyu a kasuwa, bai ko taya su ba, su ma an saye su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu rumfa ta yi fayau. Masu domino suna ta taya ni murna wai jikana zai tafi arewa, ni kuma ina cewa Allah dai ya nuna mana.

Kada ki ɗauka kyauta muke ci. Dillalin Wilkin, da ya ji gaskiyar magana, ya zo har nan da laka a wandonsa, ya durƙusa mini. Ya ce mutanen bakin teku sun lura ba mu da wata mafita in mun bar arewa, sun rage tayinsu zuwa shekara shida. Ya ce jaridu za su kira yaron maƙaryaci, duk ranar da ya je wasa a garin ƙanƙara za a yi masa ihu har ya tsufa. Ya ce, "Don Casimiro, abin da za ku zubar ya isa ya sayi garin nan da rakensa." Na ce to wa ya ce masa garin na sayarwa ne?

Amma zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Shekaranjiya na ga Wilkin shi kaɗai a bayan gida yana juya gora a iska, ba ƙwallo, ba kowa, fuskarsa kamar ta wanda aka aiko wa mutuwa. Shekara huɗu na aikin ɗan wasa ba wasa ba ne, ƙashi ba ya jiran kowa. Na ƙarasa na ce masa in ya ga abin ya yi masa nauyi ya sauke, ni zan san abin da zan gaya wa wansa. Ya ce, "Kaka, ni na wanke tukwanen akuyar nan. Ina ɗan shekara goma sha uku. Naman ya yi tsami, karnuka muka ba." Ya ci gaba da juya gorarsa. Na koma na zauna.

Jibi ne ranar. Sun kama babban zaure, sun gayyaci 'yan jarida, sun ɗinka riga da sunansa a baya, sun aiko da jirgi na musamman ya ɗauke shi. Wilkin zai hau jirgi, ba shakka, sai dai ba nasu ba.

Ki sa mu a addu'a, ko da kina ganin ba mu cancanta ba.

Casimiro.

Los Guayabos,
7 ga Janairu.

Ƙanwata abar ƙaunata,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya maimaita mana da rai da lafiya. Yaya jikoki, sun sami kyautar bikin Sarakuna Uku da aka yi jiya? Na san kin ga rabin labarin a talabijin, har an ce mini kin rufe fuska da gyale a coci. To ga rabin da talabijin ba ta gani ba.

An ce zauren ya cika maƙil. Rigar tana rataye, mai ƙungiyar ya zo da matarsa, jirginsu kuma yana zaune a filin jirginmu matuƙin yana duba agogo. Sai da abincin 'yan jarida ya huce sannan dillali ya aika da saƙon da na faɗa masa, bai ƙara ko kalma ba: lissafi ya canza. A daidai lokacin Wilkin yana garin bakin teku likitocinsu suna ƙwanƙwasa masa gwiwa. Ya sa hannu da yamma. Shekara shida. An zage shi a jaridu yadda dillali ya faɗa, har da ƙari.

Na ɗauka zan yi barci mai daɗi, sai na ga barcin ya ƙi zuwa. Mutumin bai san dalili ba. Zai ɗauka kwaɗayi ne, ko rashin tarbiyya irin ta 'yan rake. Ramuwar da mai ita bai san sunanta ba ai hatsari ne kawai, kamar faɗuwar reshe.

Allah da ikonsa, washegari sai ga Mista Tolliver. Labarin sa hannun bai fito ba tukuna, ya ɗauka Wilkin yana gida yana jan aji, ya taho da ƙarin tayi a jaka. Ya sauka a mararraba ya hango Amauri ya ce, "Yauwa, direbana!" Kin ga wannan karon ya gane shi.

Sauran daga bakin Amauri na ji, da bakin mutum goma da kowannensu ya rantse yana wurin. Ya ɗauko shi, da suka zo tsohon fili ya kashe babur ya ce ya sauka. Ya kai shi gaban bencin. Ya naɗe hannun riga ya nuna masa tabon ɗinkin. Ya faɗa masa sunansa da sunan ubansa da shekarar, ya ce shi ne bahagon da aka ce a ɓoye, kuma Wilkin ƙanensa ne ciki ɗaya.

Mista Tolliver ya tsaya yana kallonsa, yana motsa baki. Amauri ya ce wallahi ya ga mutumin yana ƙoƙari da gaske, yana laluben kansa kamar mai neman makulli a aljihu. Can ya ce, "Ka yi haƙuri, abokina. A shekarar yara da yawa muka janye wa. Kai wanne ne a ciki?"

Ercilia, shekara goma sha shida ina tauna sunan mutumin nan safe da yamma, shi kuwa ko a lissafin waɗanda ya cuta ba mu da lamba.

Amauri bai zage shi ba. Ya zaro dala ashirin ɗin nan, ashe yana ajiye da ita, ya cusa masa a aljihun kwat ya ce, "Ga kuɗin acaba. Ka nemi wanda zai kai ka." Ya tayar da babur ya koma mararraba, ya gaya wa abokan aikinsa abin da Baturen ya ce, kalma da kalma.

Kin san su wa ke acaba a mararrabarmu? Ni kaina ban taɓa tsayawa na duba ba sai ranar. Rabinsu tsofaffin yaran fili ne. Wannan an kama hannun ubansa, wancan an ce a ɓoye shi, wancan uwarsa ta yanka kaji. Ba duka Mista Tolliver ya yi wa ba, amma ba wanda ya tsaya tantancewa, tunda shi ma bai tantance ba.

Daga fili zuwa titi tafiya ce mai nisa, rana tana tsaka, hanya duk laka, shi kuma da takalmin ofis. Babur na farko ya zo, ya ɗaga masa kuɗin, yaron ya rage gudu, ya dube shi, ya koma bayansa ya bi shi a hankali. Na biyu ma haka. Kafin ya kai rabin rake babura sun jeru a bayansa sun kai ashirin, kowanne kujerarsa wayam, ba mai hon, ba mai magana, sai ƙugin inji. In ya tsaya su tsaya. In ya juyo yana ɗaga dala su kalle shi kawai. Takalminsa ɗaya ya maƙale a karyayyar gada, ya bar shi nan.

Ni ma na gani da idona, don ɗan maƙwabci ya zo ya ɗauke ni, muka shiga sahu daga ƙarshe. Ba na jin na taɓa halartar rakiya mai tsari irin wannan, ko ta jana'izar limamin cocinmu. Da ya isa motarsa ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai son ya haddace fuskoki. Na ce a raina, yanzu kam ka fara aikin da ya kamata ka yi tun tuni.

An sallame shi bayan Kirsimeti, kin dai ji. Ban yi murna da wannan yadda na zata ba, tafiyar raken ta riga ta ƙosar da ni.

Ranar Asabar na yanka akuya, ta farko tun waccan. Na kira 'yan mararraba duka. Amauri, wanda bai sa naman akuya a baki ba tun yana ɗan sha shida, ya cinye kwano biyu, ya miƙo na uku da hannun hagu yana cewa, "Tsoho, ashe kana da amfani." Ko ƙashi karnuka ba su samu ba.

Wa'azinki yana nan ƙarƙashin matashi, na duba shi jiya kamar yadda na yi alkawari. Kin yi gaskiya a kusan komai. Ki ce wa mijin 'yarki ya bar zancen takalmin, na samu ƙafa ɗaya mai kyau a bakin gada, na rataye ta a jikin mangwaro.

Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
wanki Casimiro.